Keken Ƙungiya da Ƙofar Gidanmu

Litinin, 5 ga Mayu

Masu lafiya a gidan nan yau: ni, in an cire ƙirjin nan da yake bugawa ba dalili. Babban ɗana ya yi waya daga wajen aikinsa, ya ce ƙalau yake, ni dai ban yarda da muryar ba, kamar ta mai mura. Iya, uwar mijina, ta fi kowa lafiya. Kunne ne kawai ya tafi, baki yana nan daram.

Marasa lafiya: Baban yara, bayansa ya sake riƙewa, shekara talatin yana hawa da sauka da bokitin fenti. Sai Auta. Sati bakwai ke nan da babur ya buge ta a hanyar makaranta. Ƙarfe a cinya, filasta a hannun hagu, don haka ko sanda ba ta iya dogarawa. Likita ya ce kada ta taka, kada a jijjiga ta, sai nan da wata biyu.

Jarrabawar ƙarshe kuma ranar Litinin, 19 ga wata. Sati uku ana yi. Makarantar tafiyar minti goma ce a ƙafa, amma mota ba ta shiga lungunmu. Ta ce in ta rasa ta bana ba za ta koma ta zauna aji ɗaya da ƙannenta ba. Na san halinta, ba za ta koma ɗin ba.

Keken guragu muke bukata. Baban yara ya ce zai kai maganar ƙungiyarsu ta masu aikin gini. Ban so ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Laraba, 7 ga Mayu

Ya dawo da fara'a. Ƙungiya ta amince. Sabo fil za su sayo, ba aro ba.

Na yi hamdala har na kusa kuka, sai ya ƙara da cewa za a ba mu ranar Asabar, 17, wajen bikin cikar ƙungiyar shekara arba'in. Na ce me zai hana a ba mu yanzu yarinya ta saba da shi? Ya ce haka Shugaba ya tsara. Kuma da Auta za a je. Kuma ni ce zan karanta jawabin godiya, tunda a ajin manya na ƙungiyar na koyi karatu.

Wannan gaskiya ne, ba na musu. Ina da shekara arba'in da uku na fara riƙe fensir, a kan bencinsu, ranakun Asabar da yamma. Ba don su ba da wannan littafin ma ban da shi, da har yau Auta ce mai karanta min takardar magani. Amma a ɗauki yarinya mai ƙarfe a ƙafa a kai ta filin taro don a tafa?

Na ce, "Malam, ita ka tambaye ta?" Ya ce, "Uwar yara, kyauta ake ba mu, ba ciniki muke ba."

Auta tana ji daga ɗaki. Ta ce, "Mama, ki bar shi. Ko a kan rufin gida za su ba ni, zan hau."

Asabar, 10 ga Mayu

Baba Kafinta ya zo duba Auta. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Ido ya yi rauni, hannu yana rawa, amma har yanzu da fensir a maƙale a bayan kunne. Ya zauna a tsakar gida shi da Iya, suna ihu a kunnen juna.

Na tambaye shi asalin abin, don in zan tsaya gaban jama'a gara in san wa nake gode wa. Na rubuta yadda ya faɗa kafin in manta.

Bango ne ya rufto wa wani magini a wajen aiki, shekara arba'in da suka wuce. Mai ginin ya shiga motarsa ya tafi. Su tara suka tono shi, suka ɗora shi a kan tsani suka kai asibiti a kafaɗa. Shi ya sa ake ce musu 'Yan Tsani, shi ya sa kuma akwai hoton tsani a hularsu. Ni duk shekarun nan na ɗauka ado ne. Mutumin ya rayu amma bai sake aiki ba. Suka riƙe gidansa har 'ya'yansa suka tasa. Magina, kafintoci, masu walda, masu fenti, kowa ya shigo. Rufin gwauruwa in ya yi yoyo su ne, rijiyar makaranta su ne, ajinmu na manya su ne.

Ya ce dokarsu uku ce, ba a rubuce ba. Ta farko, kafin a taimaki gida sai mutum biyu sun je sun gani da idonsu, gani ya kori ji. Ta biyu, ba a faɗin sunan gidan da aka taimaka, ko a taro sai dai a ce "wani gida". Wanda ya yi suɓul da baka shi zai share ofis wata guda. Ta uku, hannu kafin baki.

Na ce, "Baba, to mu wa ya zo ya gani?"

Ya cire fensirin ya mayar. Ya ce, "'Yata, yanzu waya ake bugawa."

Na ce dokar ta biyu fa? Sai ya juya wajen Iya ya tambaye ta ciwon gwiwa.

Lahadi, 11 ga Mayu

An kawo jawabin a rubuce. Shafi biyu. "Mu marasa galihu" sau huɗu. Na ajiye shi ƙarƙashin tulu.

Talata, 13 ga Mayu

Na bi ta gaban ofishinsu zan kasuwa, na leƙa ta taga. Keken yana nan a kan tebur, cikin leda, an ɗaura masa jan kintinkiri. Ƙato ne. Ni da Iya za mu zauna a ciki mu bar wurin jaka.

Sai na tuna ƙofofinmu. Na koma gida na yanko igiya, na gwada ƙofar ɗakin Auta, na ƙulla. Na gwada ƙofar gida, na ƙulla. Na koma ofis.

Shugaba yana nan. Ɗan kwangila ne yanzu, an ce da can magini ne, ni dai ban taɓa ganin ƙura a rigarsa ba. Turarensa ya riga shi fitowa. Ya ce, "A'a, ɗalibarmu! An haddace jawabi?"

Na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe, so nake in gwada faɗin keken nan da igiya.

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce shi da kansa ya zaɓa, ya ce wa mai kanti a ba shi wanda ya fi kowanne girma da ƙyalli, ƙungiya ba ta ba da ƙaramin abu. Na ce ba ƙanƙanta nake tsoro ba. Na miƙa hannu, ya tare. Wai kada ledar ta yamutse kafin ranar hoto.

Mutum ɗari da wani abu a ƙungiyar nan, kowa da tef ɗin awo a aljihu. Da shi suke cin abinci. A ce mace da igiyar shanya ce za ta tuna musu.

Na faɗa wa Baban yara. Ya ce, "Ni fenti na sani." Ya ce kuma kada in ja masa abin kunya, shekara ashirin da shida yana ciki ba a taɓa jin kansa da kowa ba. To ai shi ke nan.

Juma'a, 16 ga Mayu

Sun rataya ƙyallen sanarwa a bakin titi, daga wannan fal ɗin wuta zuwa wancan. Da hoton Auta a kwance a gadon asibiti, kanta ba ɗankwali. Ubanta ne ya ba su daga wayarsa, wai ya zata na ajiyewa ne. Hoton Shugaba a gefe ya ninka nata uku.

Mai kayan miya ta ce min, "Maman Auta, kun zama manya, har a titi." Na bar mata tumatir ɗin na taho.

Ban faɗa wa Auta ba. Ƙawayenta sun riga ni.

Asabar, 17 ga Mayu

Zan rubuta duka don kada wata rana in ce ban tuna ba.

A kujerar roba muka ɗauke ta, ni da maƙwabciyata da 'yarta, Baban yara yana tallafe da ƙafar. Daga ɗaki zuwa bakin titi inda mota take jira. Sau uku muka sauke. Ba ta yi ihu ba, leɓenta ta cije har ya fashe. A nan na tabbata ba za a iya wannan safe da rana har sati uku ba.

An ce ƙarfe goma. Sha biyu da rabi Shugaba ya iso. An zaunar da mu a gaba, wajen da rumfa ta ƙare, rana a kanmu, don mai hoto ya ce nan ne haske. Manyan baƙi a inuwa da ruwan sanyi.

Jawabi bakwai na ƙirga. An ba da tarihin tsani, amma a bakin mai lasifika mutum taran nan sun zama "iyayenmu masu hangen nesa", maginin da bango ya danne ba a ko ambace shi ba. Baba Kafinta yana layi na huɗu, ba wanda ya kira shi. Sannan aka shiga karanta sunayen gidajen da aka taimaka bana, ɗaya bayan ɗaya, da abin da aka yi wa kowa. Wata mata da aka gyara wa bayan gida tana kusa da ni. Da aka kira sunan mijinta marigayi ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka tafa.

Sai mu. Aka ɗaga Auta aka sa a keken, leda ba a cire ba, tana ta zamewa. Shugaba ya riƙe hannun keken. Mai hoto ya ce a sake, Shugaba ya rufe ido. Aka sake. Ya ce wa Auta, "'Yan mata, ɗan rage murmushin, a ga tausayi." Ba murmushi take ba, zafi ne ya sa haƙoranta a waje.

Na karanta jawabin. Na karanta, Allah ya gani. Muryata tana rawa, suka ɗauka daɗi ne. Layi ɗaya na tsallake, inda aka rubuta "'yarmu nakasasshiya". 'Yata karaya ta yi, za ta tashi da yardar Allah. Shugaba ya lura, ya kalle ni, na kalli takarda.

Da la'asar muka turo ta har ƙofar gida. Taya ɗaya ta shiga, ɗaya ta tokare da bango. Aka ja baya, aka karkata, aka sake. Ya fi ƙofar da yatsa huɗu. In an naɗe shi yana shiga, da mutum a kai ko kusa. Ga kuma kwata a gaban dokin ƙofa.

Iya ta leƙo ta ce, "Wannan gadon na wa?"

Muka sake ɗaukar ta a kujerar roba. Wannan karon ta yi ihu.

Da dare na kawo wa Baban yara abinci. Na ajiye masa igiyar kusa da kwanon abincinsa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ya fita tun da sassafe bai karya ba. Na zata kunya ce ta kore shi. Ashe gidan Baba Kafinta ya je.

Wajen ƙarfe tara na ji hayaniya a lungu. Tsohon a gaba da sandarsa, bayansa mai walda da magina biyu da baro cike da yashi. Can baya Shugaba, fuska a murtuke. Mai walda ya ba ni labari daga baya: wai Baba ya je har gidan Shugaba, ya tsaya a ƙofa, ya ƙi zama, ya ce a gaban iyalinsa, "Ni na koya maka riƙe tef kana ɗan shekara sha biyar. Ka taɓa sayen ƙyaure ba ka auna ƙofa ba?"

Ba wanda ya ba ni haƙuri. Shugaba ya ce wai ƙofofin unguwar nan ne ba a yi su bisa ƙa'ida ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai 'yan ƙungiyarku ne suka gina." Mai walda ya juya baya yana tari.

Baba ya auna keke, ya auna ƙofa, ya ja layi a bango da fensirinsa. Suka sa guduma. Gidana ya cika da ƙura, na rufe tukwane, na toshe ƙasan ƙofar Auta da tsumma har aiki ya zo kan ƙofar tata. Ɗaya maginin ya fara jera bulo, Shugaba yana tsaye yana kallo, yana tsaki. Can ya ce, "Kai, matsa, wannan ba layi ba ne." Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa mijina, ya naɗe hannu.

Ya iya. Haushin da na ji ke nan. Hannun nan mai zobe biyu, bulo yana zama masa kamar an roƙe shi. Ko magana bai yi ba wajen awa uku. Mutum yana da wannan a hannunsa ya zaɓi lasifika.

Suka faɗaɗa ƙofa biyu, suka zuba siminti a kan kwata ya zama gangare, mai walda ya ƙara wa ƙyauren gida ƙarfe. Baba ya ce siminti ba zai bushe kafin gobe ba, ya sa aka shimfiɗa katako biyu a kai daidai faɗin tayoyin.

Na dafa musu abinci. Ba don sun cancanta ba, ba a aiki a gidana da yunwa ne kawai.

Suna wanke hannu sai ga mai hoto, ban san wa ya kira shi ba. Shugaba ya fara neman hularsa. Auta daga cikin keke ta ce masa, "Baba Alhaji, in za a ɗauka a bari in rage murmushi tukuna." Baba Kafinta ya ce wa mai hoton, "Wani gida ne nan. Wuce." Ya wuce.

Litinin, 19 ga Mayu

Ta fita ƙarfe bakwai da rabi. Daga bakin gado zuwa titi ba wanda ya ɗaga ta. Ni na tura. Keken nauyi kamar baro, taya ɗaya tana ja hagu, hannuwana har yanzu ciwo suke, rubutun nan ma ya karkace.

Na zauna a gindin katangar makaranta awa uku. Na yi ta tunanin ko fensirinta ya faɗi ba mai ɗauko mata. Ko fitsari ya kama ta.

Ta fito ta ce tambaya ta biyar ce kawai ta ba ta wahala. Sai ta ce yunwa take ji.

Alhamis, 22 ga Mayu

Takarda huɗu an gama. Ƙyallen nan yana nan a titi, iska ta yage gefen Shugaba, na Auta ya ƙi yagewa. Kullum sai mun bi ta ƙarƙashinsa. Na ce wa Baban yara in bai sauke ba zan hau da kaina. Ya ɗauki tsaninsa, da bayan nasa da komai. Na yi tsumman goge taya da ƙyallen.

Talata, 27 ga Mayu

Matar nan da ta rufe fuska ranar taro, na haɗu da ita a wajen famfo. Muka gaisa kamar mun san juna. Ta ce bayan gidan da aka gyara mata an sa ƙofar tana kallon titi, 'ya'yanta mata ba sa iya shiga da rana. Ta kasa faɗa wa kowa, maza ne suka zo, kuma kyauta ce. Ta ce maƙwabcinta tsoho an yi masa alkawarin gado a taro mai zuwa. Na tambaye ta faɗin ɗakinsa. Ban san me ya sa na tambaya ba. Ba ruwana.

Har yanzu ban manta ranar Asabar ɗin nan ba. Ban yafe jawabin ba, ban yafe hoton ba.

Na dai rubuta wasiƙa, sau uku ina sakewa. Auta ta ce ta duba min, na hana. Na kwafe ta nan don in san me na ce:

"Zuwa ga Shugaba da Baba Kafinta. Bayan gaisuwa. Keke yana aiki, mun gode da ƙofa. In 'yata ta taka zan dawo da shi a ba wani gida, ba da taro ba. Na ji dokarku ta farko ita ce mutum biyu su je su gani. Na san mata ba sa shiga ƙungiya, ni ma ba shiga nake nema ba. Amma akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. In za a je wani gida a tafi da ni, ranar da ba ni da aiki. Akwai gida biyu da na sani yanzu, ba zan rubuta sunansu ba. Ina roƙon amsa kafin zamanku na ranar Juma'a, 30 ga wata, don an ce ranar za a sayi gadon."

Baban yara ya karanta ya ce, "Uwar yara, ba ke ce kika ce ko sunansu ba kya son ji ba?" Na ce har yanzu ba na so. Na ce ya kai kafin azahar, kuma ya miƙa a hannun Baba, kada ya bari a kan tebur.